DAIDAITA ƘAFAFUN MOTA DA NA'URA MAI KWAMFUTA

Bayani ga direbobi da masu motoci da makanikai na ƙasar Daura

Daura gari ne na mahaɗar hanyoyi. Wanda ya tashi daga unguwar Kusugu, inda tsohuwar rijiyar nan mai tarihi ta ke, ba zai yi nisa ba sai ya hau kwalta. Ga hanyar Katsina, ga hanyar Kano wadda ta bi ta Kazaure, ga ta Zango da Ɓaure, ga kuma ta Kwangwalam wadda ta ratsa ƙasar Mai'aduwa ta tsallaka Jamhuriyar Nijar, ta nufi Matamaye da Damagaram. Dare da rana motoci na bin waɗannan hanyoyi ɗauke da mutane da hatsi da dabbobi, balle ranar kasuwa ko lokacin Sallar Gani, sa'ad da baƙi ke cika gari.

Kowace mota a cikinsu, komai girmanta, tayoyinta kaɗai ke taɓa ƙasa. A ƙaramar mota, wurin da kowace taya ke taka ƙasa bai fi tafin hannun babban mutum da yawa ba. A kan waɗannan wurare huɗu ne birki ke kamawa, a kansu ne sitiyari ke aiki, a kansu ne kuma rayukan fasinja su ke. Saboda haka tsayuwar ƙafafun mota daidai ba ƙaramin al'amari ba ne. Wannan aiki shi ne makanikai ke kira alaimen, watau auna ƙafafun mota da daidaita su yadda kamfanin da ya ƙera ta ya tsara.

1. ASARAR DA KARKATACCIYAR ƘAFA KE JAWOWA

An yi taya don ta mirgina, ba don a ja ta ba. Idan ƙafa ta fuskanci wani waje dabam da inda mota ta nufa, to, tana mirginawa tana kuma gogar kwalta ta gefe a lokaci guda, kamar yadda a ke goga wuƙa a dutse.

Ga lissafi mai sauƙi. Masu auna kusurwa sun raba da'ira kashi 360, kowane kashi a ke kiransa digiri, kowane digiri kuma an raba shi minti 60. A ce ƙafa tana tafiya a karkace da rabin digiri kacal. A taya mai tsawon santimita 60 daga gaba zuwa baya, wannan karkata ba ta wuce milimita 5 da 'yan kai ba, watau ba ta kai kaurin fensir ba, ido kuwa ba ya ganinta. Amma duk kilomita ɗaya da motar ta yi, daidai ya ke da an ja tayar nan ta gefe wajen mita 9. Daga Daura zuwa Katsina kimanin kilomita 80 ne. Ke nan a zuwa ɗaya an kankare tayar a kan kwalta wajen mita 700. Direban haya da ke zuwa ya dawo kullum, sai ya lissafa abin da zai tara a wata guda.

Asarar kashi uku ce. Ta fari, taya na suɗewa tun kwananta bai ƙare ba, mai mota ya sayi biyu inda ɗaya za ta ishe shi. Ta biyu, inji na shan mai fiye da kima, gama yana fama da ƙafar da ke turjewa. Ta uku ita ce mafi muni. Tayar da ta cinye ta gefen ciki ba a ganin lahaninta daga waje, sai wayoyinta sun fito. Ranar da aka yi lodi, rana ta take, kwalta ta ɗauki zafi, ran nan ta kan fashe ana cikin gudu.

2. KUSURWOYIN DA A KE AUNAWA

Ba a kafa ƙafafun mota a miƙe sak kamar turaku ba. Da gangan masu ƙira su ke karkata su kaɗan ta fuskoki dabam dabam, don mota ta miƙe da kanta, ta kuma sha kwana ba tare da wahala ba. Wannan ilmi ya girmi motar kanta. Tun zamanin keken doki wani maƙeri na birnin Munich a Jamus, Georg Lankensperger, ya tsara yadda ƙafar ciki za ta fi ta waje juyawa a wajen kwana, aka yi wa dabarar rajista a Ingila cikin 1818 da sunan wakilinsa, Rudolph Ackermann. Har yau da sunan Ackermann a ke kiran wannan tsari.

Kusurwa ta fari ita ce haɗin baki da buɗin baki, wadda makanikai ke kira to. A ɗauka an leƙo mota daga sama. Idan goshin tayoyin nan biyu ya fi bayansu kusa da juna, an ce sun haɗa baki, kamar mutumin da ke tafiya manyan yatsun ƙafarsa na duban juna. Idan goshinsu ya fi buɗewa, an ce sun buɗe baki. Wannan kusurwa ita ta fi saurin cin taya, ita ta fi saurin ɓaci, ita ce kuma a ke iya gyarawa a kowace mota, ta wajen ƙara ko rage tsawon tayarod, watau sandar da ta haɗa sitiyari da ƙafa.

Ta biyu ita ce jingina, wadda a ke kira kamba. A tsaya gaban mota a dube ta. Idan saman taya ya jingina ciki, ƙasanta ya buɗe waje, kamar mai gwame, na'ura ta kan nuna lambar da alamar ɗebewa. Idan saman ya jingina waje, ta kan nuna ta da alamar tarawa. Jingina in ta yi yawa, gefe ɗaya na taya ke ɗaukar nauyi, shi ne kuma zai cinye. In kuwa ta hagu da ta dama ba su zo ɗaya ba, mota ta kan ja zuwa wajen ƙafar da samanta ya fi jingina waje.

Ta uku ita ce karkatar madogarar juyi, wadda a ke kira kasta. Wanda ya san keke ya san ta. Ƙarfen da ke riƙe da ƙafar gaba ta keke ba a tsaye ya ke ba, samansa ya kwanto baya wajen mahayi, shi ya sa keke ke miƙewa ko an saki hannu. Haka ƙafar gaba ta mota ta ke. Kasta ita ke komo da sitiyari tsakiya bayan an sha kwana. In ta yi kaɗan, mota ta riƙa yawo a hanya. In ta ɓangare ɗaya ta gaza ta ɗayan, mota ta kan ja zuwa ɓangaren da ya gaza. Ba ta cika cin taya ba, amma tana gajiyar da direba.

Ta huɗu ita ce layin turi na ƙafafun baya. Ƙafafun baya su ke yanke inda gangar jikin mota za ta fuskanta. Idan gatarin baya ya goce, watau ƙarfen da ƙafafun ke juyawa a kansa, sai a ga mota na tafiya a kaikaice kamar kare mai sassarfa, direba kuwa ya riƙe sitiyari a karkace kafin ta miƙe. Wannan shi ya sa ba a auna ƙafafun gaba su kaɗai.

3. ABIN DA TAYA KE FAƊA WA MAI LURA

Taya ba ta ɓoye ciwon mota. Direba ya juya sitiyari har ƙarshe, ya durƙusa ya dubi zanen tayar daga gefe zuwa gefe, ya kuma shafa da tafin hannu.

Idan ya ji zanen da santsi ta wannan fuska, da kaifi ta waccan, kamar haƙoran zarto, laifin haɗin baki ne ko buɗin baki. Idan gefe ɗaya kaɗai ya cinye, a tuhumi jingina, ko da ya ke buɗin baki mai yawa shi ma ya kan ci gefen ciki. Idan gefe biyu sun cinye tsakiya na nan, iska ce ta yi kaɗan. Idan tsakiya ce ta cinye, iska ta yi yawa. Idan kuwa cin ya zo wuri wuri, nan rami nan tudu, a dubi shokazoba.

Akwai abu guda da mutane ke yawan rikitawa. Sitiyarin da ke rawa a hannu idan mota ta ɗauki gudu, galibi ba alaimen ya ke nema ba. Nauyin tayar ne bai daidaita ba, maganinsa kuwa balansin, watau a juya ƙafar a kan wata na'ura dabam, a maƙala mata 'yan ƙarafa a bakin rim. Aiki biyu ne, kowane da na'urarsa, ɗaya ba ya ɗauke wa ɗaya.

Har wa yau, ba kowane ja ne ciwo ba. Masu aikin hanya su kan ɗaga tsakiyar kwalta don ruwa ya gangara gefe. Tun ran 2 ga Afrilu 1972 motoci a Nijeriya suka koma bin hannun dama, saboda haka mota lafiyayya ta kan zame dama sannu a hankali idan an sassauta riƙo. Amma wadda ke fizgar hannu nan take, ko mai ja hagu tana hawan tudun hanya, lalle tana bukatar awo.

4. DAGA IGIYA ZUWA KWAMFUTA

Makanikan da su kan auna ƙafa da igiya da sanda da ma'aunin ruwa irin na magina. Su ja igiya daga ƙafar baya zuwa ta gaba, su gwada tazarar goshin tayoyi da ta bayansu. Gwani ya kan sami haɗin baki kusa da daidai ta wannan hanya, kuma ta yi amfani ƙwarai a zamanin Peugeot 504, wadda aka soma harhaɗawa a Kaduna cikin 1975. Amma igiya ba ta nuna kasta, ba ta kuma rarrabe 'yan mintocin da motocin yanzu ke bukata.

Bayan igiya aka yi na'urori masu haska fitila a kan allo, sa'an nan masu lantarki da a ke ɗaura wa ƙafafu. Cikin shekarun 1990 aka fito da masu kyamara a Amurka, irin waɗanda kamfanonin Hunter da John Bean ke ƙerawa. Irinsu ne a ke samu yau a manyan garejoji da shagunan taya na birane kamar Kano da Kaduna da Katsina.

Ga yadda mai kyamara ke aiki. A kan maƙala wa kowace ƙafa wani faranti mai ɗigo-ɗigo ko zane mai mayar da haske. A gaban mota akwai kyamarori bisa dogon ƙarfe, suna ɗaukar hoton farantan ba tsayawa. Kwamfuta ta riga ta san ainihin siffar zanen. Da'irar da aka duba ta gaba sosai a zagaye ta ke, amma in aka karkata ta sai ta zama kamar ƙwai. Daga yadda zanen ya sāke a hoto ne kwamfuta ke lissafa inda kowace ƙafa ta fuskanta, sa'an nan ta gwada da awon da kamfanin motar ya bayar, wanda ke ajiye a cikinta.

5. YADDA A KE AIKIN DAKI DAKI

Mataki na fari ba na kwamfuta ba ne, na hannu ne da ido. A gwada iskar tayoyi huɗu da geji, a cika su yadda takardar da ke jikin ƙofar direba ko littafin mota ya ce. A tabbata tayoyin gatari ɗaya girmansu ɗaya ne. A ɗaga mota a girgiza kowace ƙafa, a dubi kan tayarod da boljoyin da bushin da boris. A dubi sifirin ko ya kwanta, da rim ko ya lanƙwashe. Duk abin da ke da wasa sai a canja shi tukuna. Ƙafar da ke motsi a mazauninta ba ta riƙe awo, da ta faɗa ramin farko aikin ya rushe. A kuma sauke kaya daga mota, sai fa in kamfaninta ya ce a auna ta da wani nauyi.

Na biyu, a hau da mota bisa dandamalin awo, wanda dole ya zama a shimfiɗe sosai. Ƙafafun gaba su zauna a kan faifai masu juyawa, na baya a kan faranti masu zamewa, don kada ƙasa ta riƙe taya. A ɗaura farantan awo, a zaɓi sunan motar da irinta da shekararta a cikin kwamfuta. Kuskure a nan ya ɓata sauran aikin duka, gama mota mai suna ɗaya ta kan bambanta daga shekara zuwa shekara.

Na uku, a tura motar baya kaɗan a komo da ita gaba. Da wannan ne kwamfuta ke gane ainihin tsakiyar juyawar kowace ƙafa, ta ɗebe kuskuren da ɗaurin faranti ko ɗan lanƙwasar rim zai kawo. Mai gaggawa ya kan so ya tsallake wannan mataki. Kada a yarda.

Na huɗu, a danne birki da sandar da aka yi don haka, a zare makullan faifai, a juya sitiyari hagu da dama gwargwadon yadda allo ya nuna. A cikin wannan juyi ne a ke samun kasta, gama ba a iya ganinta ƙafa na tsaye. Daga nan lambobi su bayyana. Kore na nufin awo na cikin iyaka, ja na nufin ya fita.

Na biyar shi ne gyara, kuma yana da jeri. A fara da baya, jingina tukuna sa'an nan haɗin baki, don a sami layin turi ya miƙe. Sa'an nan a komo gaba, a yi kasta, a yi jingina. Haɗin bakin gaba shi ne na ƙarshe, domin taɓa sauran kusurwoyi na motsa shi. Kafin a taɓa shi a daidaita sitiyari tsakiya a kulle, a kwance notin tayarod na kowane gefe, a juya sandar ana duban allo, kowace ƙafa da nata rabo. In an gama a ɗaure noti tam, a sāke duban lambobi, gama ɗauri kansa ya kan gusar da awo.

Na shida, motoci da yawa na zamani suna da ma'aunin juyin sitiyari da ke aiki tare da na'urar hana santsi, waɗansu har da kyamara mai duban hanya. Irin waɗannan su kan bukaci a sanar da kwamfutar motar sabon tsakiyar sitiyari bayan gyara. Daga ƙarshe a fita da mota a gwada ta a miƙaƙƙiyar hanya.

6. ABIN DA NA'URA BA TA IYAWA

Na'ura awo ta ke yi, ba ta gyara. A ƙananan motoci masu yawa kamfani bai bar wurin gyaran kasta ko jingina ba. Idan lambarsu ta yi ja, ma'anarta wani ƙarfe ya lanƙwashe, ko sifirin ya gaji, ko kuwa gangar jikin ta taɓu a wani tsohon haɗari. Maganinsa a nemo abin da ya lalace a canja. Gasa ƙarfen ƙafa ko na sitiyari da wuta don a miƙe shi mugun aiki ne. Wuta na kashe ƙarfinsa, wata rana ya karye ba sallama.

Na'urar kanta tana son kulawa. Ƙurar hunturu in ta rufe faranti ko idon kyamara, awo ya rikice, saboda haka a riƙa share su da tsumma mai laushi. Hasken rana mai faɗowa kai tsaye ya kan dame ta. Farantin da ya faɗi ƙasa, ko dandamalin da ya nutse ta gefe ɗaya, zai ba da lambar ƙarya alhali allo na nuna kore. Don haka wajibi ne mai gareji ya riƙa kiran masana su gwada na'urarsa lokaci lokaci, ya kuma tsare ta daga wutar lantarki mai hawa da sauka.

Sana'ar nan tana bukatar samari masu karatu da lissafi, waɗanda suka iya sifana suka kuma iya allo. Cikin 2019 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura, a shekarar ce kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a garin. Yaran gareji da ke da ilmin boko kada su raina shi, gama shi ne zai bambanta su da tsaransu.

7. ABUBUWAN DA ZA A RIƘE

Mai mota ya kai ta awo idan ta faɗa babban rami ko ta daki bakin kwalbati, idan an canja wani abu na ƙafa ko na sitiyari, idan an sa sababbin tayoyi, da kuma bayan kowane haɗari komai ƙanƙantarsa. Ko ba ɗaya daga cikin waɗannan, ya kyautu a duba ta sau ɗaya a shekara. Ƙarshen damina ya fi dacewa, sa'ad da ruwa ya gama cin hanyoyi. Motocin haya masu bin burji da gargada zuwa kasuwannin ƙauye suna bukatar fiye da haka.

Ya tsaya a yi aikin a gabansa, ya kuma karɓi takardar da na'ura ke bugawa, mai nuna awon kafin gyara da na bayansa. Ya ajiye ta tare da takardun mota. In an komo wata shida aka ga kusurwa ɗaya ta sāke gocewa, an san inda ciwo ya ke.

Ya guji lodin da ya wuce ƙarfin mota. Nauyi na danne sifirin, ƙafafu su buɗe, awon da aka biya kuɗi aka yi ya tashi a banza.

Ya san cewa alaimen ba ya rayar da matacciyar taya. A cikin kwarin zanen kowace taya akwai 'yan tudu da aka yi don alama. Idan zane ya suɗe ya zo daidai da su, saura milimita 1.6 ke nan, tayar ta gama aiki. A gefenta kuma akwai lambobi huɗu masu nuna lokacin da aka yi ta, biyun fari mako, biyun ƙarshe shekara. Misali, 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Mai sayen taya 'yar gwanjo ya duba wannan da kyau, gama roba na tsufa ko ba a hau ta ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1988, ta daɗe tana jan kunnen direbobi a kan tsofaffin tayoyi.

Kuɗin awo bai kai kuɗin taya ɗaya ba, kuɗin taya kuwa ba a gwada shi da ran mutum. Shugabannin tasha da masu motocin haya na Daura da Sandamu da Mai'aduwa da Zango da Ɓaure su taimaka wajen karanta wa direbobinsu wannan bayani, su kuma sa ido a kan tayoyin kowace mota kafin ta ɗauki layi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.